Makarantar tsallaken shinge da doki a Lexington: abin da na tarar

Wanda ya taso yana hawan sallah a Katsina, in aka ce ya kawo kuɗi a koya masa hawan doki, dariya zai yi. Ni dai na biya, a wata barga da ke bayan garin Lexington a jihar Kentaki, kuma tun bazara nake zuwa duk Asabar. Koyarwar ta ci kuɗinta. Inda suke son karkata ɗalibi bayan hannunsa ya faɗa, nan ne muka raba gari.

Sirdinsu shafal yake, ba kwacciyar da za ta tare ka gaba ko baya, ga likkafa siririya an ɗage ta har gwiwa ta lanƙwashe. Linzamin kuwa ɗan ƙarfe ne mai gaɓa a tsakiya, babu zoben nan da ke matse haɓa. Da namu na gida, yatsa biyu sun isa ka sa ingarma zamiya a gaban sarki. Wannan in ka fizga, dokin sai ya ɗaga kai ya ci gaba da abin da yake yi. Malamar da ke koya mini ba ta gajiya da faɗin cewa ƙafa da mazauni ne ke tuƙi, hannu rakiya kawai yake.

An daɗe ba a bar ni na tsallake komai ba. Sanduna ake shimfiɗawa a ƙasa, ka bi ta kansu da sassarfa, ka ɗaga jikinka daga sirdi, dunduniya ƙasa, ido gaba, har cinyoyi su fara rawa. Wannan zama na sunkuyawa gaba wani hafsan sojan doki na Italiya ne ya fito da shi, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907. Kafin shi mahaya baya suke kwantawa suna jan linzami, dokin na sama ana cutar masa da baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin taku. Ana ɗaukar takun doki ɗaya a sukuwa ƙafa 12 ne. In tsakanin shinge biyu ƙafa 72 ne, sai a cire 6 na dira da 6 na tashi, saura taku biyar. Malamar takan sa mu sauka mu auna da sawunmu, sawu huɗu na mutum a matsayin taku ɗaya, sannan mu hau muna ƙirgawa da ƙarfi kamar 'yan firamare. Ranar da lissafin ya zo daidai, ba ka ma jin tashin dokin. Ranar da ka iso da rabin taku, haƙoranka ne za su gaya maka.

Dawakin suna samun kulawa, kofato a gyare, barga ba wari. Wanda aka fi ba ni tsohon dandaƙaƙƙe ne mai haƙuri, ba tutsu ba turjiya. Ba kuma wanda ke hawa ba hular kwano, ko mai bargar ce.

To, ga inda takaicin yake. Gasar tsallaken shinge iri biyu ce a Amurka, hunter da jumper. Ta farko daga farautar yanyawa ta Ingila ta samo asali: shingaye masu launin itace da ganye, alƙali na zaune yana duba kyan tafiyar doki, yadda yake naɗe ƙafafun gaba, da natsuwarsa, ya ba da maki cikin 100. Ta biyu ba ruwanta da ra'ayin kowa. Ka ka da sanda, laifi 4. Doki ya turje, laifi 4. Ka wuce lokaci, a ƙara maka. In an yi kunnen doki a sake zagaye a gajeren fili, mai sauri ya ɗauka.

Wannan bargar ta farkon take turawa, kuma nan kuɗi ke zuba. Sai an yi wa doki kitson geza tun asuba, an shafe kofato da mai, kai kuma ka sa kwat da farar riga mai wuya. Ana biyan mai kitso, ana biyan motar doki, ana biyan malama kuɗin tsayuwa a bakin fili. Takardar kuɗin gasa ɗaya ta ƙarshen mako da aka nuna mini ta fi kuɗin darussana na wata. Sannan kullum ana yi maka tallar ka ɗauki hayar doki na shekara, ana ba ka labarin Wellington ta Filorida, inda manya ke gasa daga Janairu zuwa Maris. Komai iyawarka, mai doki mai tsada ya riga ka tun kafin a shiga fili.

Wani ƙaramin abu kuma: awa ɗayar da ka biya har da lokacin sharce doki da ɗaura sirdi a ciki, kuma sukan canza maka doki ba sanarwa.

Ɗan'uwa da ke nan kusa kuma yana sha'awa, ya nemi darasin gwaji tukuna, ya zo da takalmi mai ɗan dunduniya, ya kuma tambayi kuɗin gasa dalla-dalla tun ranar farko. Ni na gaya wa malamar ta rubuta sunana a ƙaramin ajin da agogo ke yanke hukunci, ta ɗan ɓata rai, amma ta rubuta.