Sharhi Kan Yawon Abinci da Hanyoyin Ruwa na Amsterdam

Na sayi tikitin wannan yawo ta intanet daga wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan. Alkawarin da suka yi shi ne wuni guda cikin ƙaramar tawaga: a ɗanɗana abincin gargajiya da safe, a zaga birni a jirgin ruwa da rana, sannan a ƙarasa ƙauyen Zaanse Schans da yamma. A ganina kuɗin bai tafi a banza ba, kuma mafi yawan yabon na 'yar jagorarmu ne, wata dattijuwa haifaffiyar birnin. Sai dai Musulmin da zai shiga irin wannan yawo yana da tambayoyin da ya kamata ya yi tun kafin ya biya.

An ce mu haɗu ƙarfe tara, kuma tara na bugawa muka kama hanya, domin mutanen ƙasar suna ɗaukar jinkiri a matsayin rashin mutunta wanda ke jira. Gargaɗin 'yar jagorar na farko shi ne kada kowa ya taka jan layin da ke gefen titi, saboda hanyar masu keke ce, kuma ba sa rage gudu don baƙo ya tsaya ɗaukar hoto.

Kasuwar Albert Cuyp da ke unguwar De Pijp, wadda take ci tun 1905, ita ce zangon farko, kuma a nan yawon ya fi armashi. Mun fara da kifin haring, wanda ba a dafawa, gishiri kawai ake sa masa a bar shi ya nuna. Mai kifin ya zare ƙaya da wuƙa cikin ƙiftawar ido, ya yanka shi gutsi-gutsi, ya barbaɗa ɗanyar albasa, ya haɗa da kokwamba mai tsami, ya soka tsinke mai 'yar tutar ƙasar a kai. Naman yana da laushi da maiƙo, ƙarninsa bai kai yadda mutum zai zata ba, ko da yake wanda ya saba da soyayyen kifi da yaji zai so ya fara da ɗan kaɗan. A wasu garuruwan, in ji 'yar jagorar, ana kama shi ta wutsiya a ɗaga kai a zura a baki, kuma sabon kamu yana shigowa kasuwa ne a watan Yuni. Daga nan sai stroopwafel, wanda asalinsa daga garin Gouda ne: an gasa siririn ƙulli a gabanmu, an tsaga shi biyu tun yana da zafi, an shafa ruwan sukari mai kauri a tsakiya. Na leda da ake sayarwa a kanti bai kama ƙafar wannan ba. Abin da ya fi shiga raina shi ne poffertjes, domin kaskon da ake toya su mai ramuka ne tamkar tandar waina, kuma mai toyawar tana juya su ɗaya bayan ɗaya da cokali mai yatsu kafin ta ɗora man shanu da garin sukari.

Inda na sami matsala shi ne zango na gaba. Takardar rajista ta tambayi abin da mutum ba ya ci, na rubuta naman alade da giya, amma saƙon bai isa ga 'yar jagorar ba. Da muka shiga wani tsohon gidan shan shayi da giya aka kawo bitterballen, ƙwallayen romon nama da ake soyawa da garin burodi, kuma ba a tanadar mini komai a madadinsu ba sai yankan cuku. Na tambaye ta ko naman yankan Musulmi ne, ta ce kai tsaye ba ta zaton haka, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba don ta faranta mini. Wannan faɗin gaskiya ba kwana-kwana hali ne da aka san mutanen Holan da shi, kuma a wannan wuri na gode masa ƙwarai. Ita ce ma ta ƙara da cewa miyar wake ta erwtensoep da dambun dankali na stamppot galibi da tsiran alade ake cin su, kuma in tambaya ko akwai giya a ƙullin soyayyen kifin kibbeling. Ba a ware lokacin salla ba, amma ta kwatanta mini masallacin Fatih da ke titin Rozengracht, wanda a da coci ne, ta kuma nuna mini gidajen abincin Turkawa da 'yan Maroko inda ake samun halal.

A cikin jirgin ruwa ne bayaninta ya nuna amfaninsa. Manyan hanyoyin ruwan nan uku, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, an haƙa su ne a ƙarni na 17, lokacin da fatauci ya cika birnin da dukiya, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010. Ƙasar wurin taɓo ce, don haka gidajen suna tsaye ne a kan turakun katako da aka kafa har suka taɓo yashi mai ƙarfi; fadar sarki da ke dandalin Dam ita kaɗai tana kan turaku 13,659. Gidajen sirara ne, matakalarsu matsattsu, shi ya sa kusan kowanne yake da ƙugiya a samansa, wadda har yau ake jawo kujeru da gadaje da ita a shigar ta taga. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku, kuma wanda ya ji haka yana cikin jirgi zai fahimci dalilin da ya sa mutanen suka ɗauki tsari da haɗin kai da muhimmanci.

Zaanse Schans kuwa an yi mana gaggawa. Injunan da iska ke juyawa suna nan suna aiki, wani yana niƙa garin fenti, wani yana tsaga katako, amma an ci lokacinmu a shagon cuku da na takalman itace, inda farashi ya fi na kantunan cikin gari nesa ba kusa ba. Makiyayar da ke kewaye da ƙauyen dai ta tuna mini cewa madarar Peak da muka tashi muna sha ta kamfanin makiyayan wannan ƙasa ce.

Gidan tarihi na Rijksmuseum ba ya cikin tikitin, kuma ina ba da shawarar a ware masa rana dabam, ko don a tsaya gaban babban zanen masu gadin gari da Rembrandt ya kammala a 1642. A kama lokacin shiga ta intanet tun da wuri, a riƙe katin banki domin wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, kuma wanda yake da abin da ba ya ci ya sake rubuta wa kamfanin ana gobe tafiya, ya nemi a tabbatar masa cewa mai jagorar ya sani.