Oxford ko Longman: Wanne Ya Fi Sauƙin Gane Alamominsa?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsohon ƙamus na Oxford a wajen masu sayar da littattafan hannu, ƙanwarka kuma tana da Longman, kun duba kalma ɗaya amma haruffan da ke gefenta sun sha bamban, kana tambaya wanne ne daidai. Duka daidai ne. Yawancin bambancin na zamanin bugu ne.

A kan suna babu gardama. Dukansu suna sa C ga abin da ake ƙirgawa, U ga abin da ba a ƙirgawa. Duba advice ko information, U za ka gani a nan da can, ma'ana ba a ƙara musu s, ba a kuma sa musu a ko an a gaba. Ɗalibai da yawa suna zubar da maki a jarrabawar WAEC saboda advices. Sai dai ka kula, kalma ɗaya takan ɗauki duka biyun: paper U ce idan ana nufin takarda, C ce idan jarida ake nufi. Alamar tana bin ma'ana, ba kalmar ɗungurungum ba.

A kan aikatau ne suka rabu. Ƙamus na Oxford na masu koyo aikin A. S. Hornby ne, wanda ya koyar da Turanci a Japan, kuma Oxford ta buga shi a 1948. Hornby ya karkasa aikatau zuwa salo 25, VP1 zuwa VP25, sai mutum ya koma farkon littafin ya nemo ma'anar lambar. Wa ke da wannan haƙurin? Bugun 1989 ya zo da irin su Tn da Dn.n, na 2000 da na 2005 kuma suka koma V da VN. V shi ne aikatau ƙi-karɓau, VN so-karɓau, wato suna na bin sa kai tsaye. Longman, da ya fara fita a 1978, shi ma da lambobi masu wuya ya fara, irin su T1 da L9, amma ya riga Oxford komawa ga T (so-karɓau) da I (ƙi-karɓau) zalla. Oxford ya biyo baya a bugun 2010. Don haka VN ɗinka shi ne T ɗin ƙanwarka. Duba discuss: so-karɓau ne a duka, shi ya sa discuss about kuskure ne komai yawan masu faɗin sa.

Ni a nawa ganin, VN ta fi T nuna wa mai koyo yadda zai jera jimla, tunda harafin N na tuna masa akwai suna da zai biyo. Amma T da I ne za ka tarar ko'ina yau, har a ƙamus na Cambridge.

Sauran ƙanana ne. sb mutum ne, sth abu. Turancin Amurka Oxford na sa masa NAmE tun bugun 2005, Longman AmE, na Birtaniya kuwa BrE a duka. Idan naka ya tsufa sosai za ka ga attrib da pred a jikin sifa, inda sababbi suke rubuta wa a fili ko sifar na zuwa kafin suna ko a'a.

Inda Longman ya yi zarra shi ne S da W da ya kawo a 1995. S1 na nufin kalmar tana cikin 1000 da aka fi amfani da su a baka, W1 a rubuce, har zuwa S3 da W3. Oxford hoton makulli yake sa wa muhimman kalmomi 3000 tun 2005, amma makullin ba ya raba magana da rubutu. Tunda insha'i kake shirin rubutawa, ka riƙa aron na ƙanwarka don duba W, naka kuma ka buɗe cikin bangonsa, jadawalin alamomin na nan.