Na karanta dayarin Anne Frank, ga ra'ayina

Duk wanda yake neman labarin tankoki da janar-janar na yaƙin duniya na biyu, gaskiya ya nemi wani littafin, wannan ba nasa ba ne. Ni na Turanci na saya wajen wani mai baza littattafai a bakin titi, takardar shara-shara ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa, amma dai an karantu.

Yarinyar Bayahudiya ce, an haife ta a Frankfurt ta Jamus ranar 12 ga Yuni 1929, da Hitler ya hau mulki a 1933 babanta Otto ya kwashe iyalinsa suka koma Amsterdam ta ƙasar Holland, can yake da kamfanin Opekta mai sayar da sinadarin da ake haɗa jam da shi. Ranar da ta cika shekara 13 aka ba ta dayarin kyauta, ko wata guda ba a yi ba takardar kira daga Jamusawan da suka mamaye Holland ta zo wa yayarta Margot wai za a kai ta aikin dole, washegari 6 ga Yuli 1942 suka ɓuya a ɗakunan da ke bayan ofishin baban. Su takwas har da wasu Yahudawa huɗu da suka ɓuya tare da su, shekara biyu da 'yan kai ba fita.

Abin da ya riƙe ni shi ne halinta, wallahi kamar 'yar JSS da ka sani a gidanku. Surutu ne da ita kamar me, har malamin lissafinsu ya gaji ya ce ta rubuto insha'i a kan mai yawan magana, ita kuwa ta rubuta cewa gado ta yi wajen mamanta, ba yadda za a yi da gado! Lissafi kam ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, musamman aljebra. Amma ka ba ta tarihi, da tatsuniyoyin Girkawa da Romawa, da bin salsalar gidajen sarautar Turai, wane ya haifi wane, wane ya auri 'yar wane, sai ta wuni a kai. Bangon ɗakinta duk ta manne shi da hotunan 'yan fim, har da na gimbiya Elizabeth ta Ingila tana ƙarama, kuma Kugler, ɗaya daga cikin masu taimaka musu, yana kawo mata mujallar sinima, manya suna ta ƙorafin wai ɓarnar kuɗi ne. Kyanwarta Moortje da ta bari a gida kuwa ta sha ambatonta.

Inda na fi yin dariya shi ne rigimarta da Pfeffer, likitan haƙorin da suke ɗaki ɗaya, a kan ɗan teburin rubutu, dattijo guda yana jayayya da 'yar yarinya sai da babanta ya shiga tsakani. Burinta ta zama 'yar jarida kuma marubuciya, shi ya sa da ta ji ministan ilimin Holland Bolkestein a rediyo a Maris 1944 yana cewa za a tattara irin waɗannan rubuce-rubuce bayan yaƙi, sai ta hau gyaran nata tun daga farko.

Ba komai ne ya yi min ba fa. Tsakiyar littafin akwai jan ƙafa, faɗan dankali da zancen Peter, yaron da suke ɓoye tare, kullum, kuma yadda take caccakar mamanta ya yi min nauyi, ko da yake ita ma daga baya ta ɗan sassauta. Sannan rubutun ya tsaya cak ranar 1 ga Agusta 1944, kwana uku bayan nan aka kama su, ita da Margot suka mutu a sansanin Bergen-Belsen farkon 1945, baban kaɗai ya tsira cikin su takwas ɗin, shi ya buga littafin a 1947.

In za ku saya ku nemi bugu mai ƙarin bayani a ƙarshe, don ita sunayen ƙarya ta laƙaba wa wasu, Pfeffer ɗin nan ma Dussel za ku gani a ciki. In kuma yaro za ku ba, ku fara leƙawa tukuna, akwai wuraren da take maganar balaga ba kwana-kwana.