Wasiƙa Daga Houston: Batun Fulin Da Kuka Tambaya

Maigida, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ku da iyali da yaran gareji duk kuna lafiya. Na ji saƙonku a kan mai Marsandin nan C230 Kompressor da ya matsa muku lamba a canza masa fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa ya juya, don motar ta ƙara gudu. Aikin ba baƙo ba ne a garejin da nake, don haka bari in gaya muku yadda ake yinsa a nan, da abin da ya sa nake ganin ku ba shi haƙuri.

Kompressor ɗin nan, wanda Amurkawa ke kira sufacaja, zugazugin maƙeri ne aka ɗaura wa inji. Bel ne ke juya shi daga karanshaf, shi kuma yana cusa iska cikin silinda fiye da wadda inji zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. In aka rage girman fulin da ke bakinsa, sai ya riƙa juyawa da sauri alhali injin na nan a gudunsa. A kan Marsandi akasari fulin ƙasa, wato na karanshaf, ake canzawa da wanda ya fi girma, amma lissafin ɗaya ne.

Motar da aka fi kawo mana don wannan aiki ita ce Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006. Ƙaramar aba ce mai injin lita 1.6, da sufacaja na kamfanin Eaton samfurin M45. Daga kamfani tana hura iska wajen psi 11, wato ma'aunin da muke auna iskar taya da shi. In aka sa fulin da ya gaza na asali da kashi 15 cikin 100, sai ta doshi 15, ƙarfin doki kuma ya ƙaru da kamar 15 zuwa 20 a kan 160 da 'yan kai da take da shi. Akwai na kashi 17 da na 19, samari sun fi son su, amma oganmu ba ya yarda ya sa. A wannan motar famfon ruwa a bayan sufacajar yake, ita ke juya shi, saboda haka duk gudun da aka ƙara mata shi ma ya shafe shi.

Samun kayan ba wahala. Kana zaune za ka duba a waya, ka zaɓi shekarar mota da samfurinta, ka biya da kati, cikin 'yan kwanaki kwali na bakin ƙofarka. Fulin bai kai dala 200 ba. Ba zagayen Ƙofar Ruwa da tsohon ƙarfe a hannu kana gwadawa rumfa-rumfa, ba kuma rantsuwar cewa ɗan Baljiyam ne. In bai yi daidai ba ka mayar, a dawo maka da kuɗinka ba tare da an kira shugaban kasuwa ba.

Kuɗin hannu ne ke kashe mutum. A nan da awa ake biyan bakanike, kuma garejin da zai karɓi ƙasa da dala 100 a awa sai an tona. Shi ya sa da yawa ke yin aikin da kansu a ƙofar gida ranar Asabar. Shaguna irin su AutoZone ma suna ba da aron kayan aiki: ka ajiye kuɗin jingina, ka dawo da kaya, a mayar maka da kuɗinka cif. Na tuna yadda kuke kulle sifana mai lamba 10 a aljihu saboda yara, sai na yi dariya ni kaɗai.

Aikin kansa akwai ƙaƙale. Wurin matsattse ne, dole a kwance mazaunin inji na gefe ɗaya, a sa jak a ɗaga injin har fulin ya leƙo sama da firam. Fulin asali matse shi aka yi a kan sandar, babu noti, don haka akwai wani ƙarfe na musamman da ke rungumarsa ta baya, kana ɗaure doguwar ƙusa a tsakiya yana zaro shi a hankali. Farko sai ka ji ya yi ƙas, daga nan ya riƙa tahowa. Guduma da kurfi ba su da wuri a nan, domin bugu ɗaya ya isa ya lalata boris ɗin ciki. Sabon kuma da ƙananan ƙusoshi ake ɗaure shi, ana zagayawa ɗaya bayan ɗaya har ya kama daidai da layin sauran fulolin. In ya kauce ko kaɗan, bel zai riƙa cin gefe. Sai a sa gajeren bel, a canza fulogi zuwa masu jure zafi.

Daga nan sai abin da ba mu da shi a gida, wato awo. Ana hawar da motar kan wasu manyan nadi a ƙasa, a ɗaure ta da igiyoyi, a taka totur har ƙarshe tana tsaye wuri ɗaya, kwamfuta na nuna ƙarfin da ke isa taya da yawan man da ke gauraya da iska. Iskar da aka matse zafi take yi, kuma iska mai zafi na sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa, ya daki kan fistin. Ƙwaƙwalwar motar na jin wannan bugun tun kafin kunnen mutum ya ji, sai ta ja tartsatsin fulogi baya don ta ceci injin. A watan Agusta na Houston na ga motar da aka sa wa ƙaramin fuli, taku na farko ta yi kyau, na uku kuwa ƙarfin ya zube kusan inda take tun asali.

To ku auna da Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga ƙura ta toshe abin da ke sanyaya iskar da sufacaja ta matse kafin ta shiga inji, ga cunkoson Kwanar Dawanau. Sannan ga batun mai. A nan kowane famfo maɓalli uku ne, 87 da 89 da 93, kuma motar da aka yi wa wannan aiki 93 kaɗai take sha, mai tsadar. A gida fetur iri ɗaya ne, abin da tanka ta sauke shi za ka sha, in layi ya yi tsawo kuma ka koma wa 'yan bumburutu da galan. Ba mu manta gurɓataccen man farkon 2022 ba, wanda ya kwantar da motocin da ko taɓa su ba a yi ba.

Akwai kuma hukuma. A yankinmu duk shekara sai an jona mota da na'ura an duba hayaƙinta kafin a sabunta takardu, a Kalifoniya kuwa irin wannan kayan sai yana da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar.

Kada ku ɗauka komai nasu ya fi. Yawancin bakanikan nan masu canji ne, ba masu gyara ba. Sufacaja ta fara ƙara, sai a cire ta dungurungum a sa wata, mai mota ya biya kuɗin da zai sayi Golf a gida. Ku da kun buɗe ta, kun canza boris da man cikinta, ta koma aiki. Ranar da na gyara wata altaneta maimakon in jefar, taruwa suka yi a kaina suna kallo.

Shi mai Marsandin, ku duba masa bel da abin ɗaure bel, ku wanke abin sanyaya iska, ku bi robobin iskar ko akwai mai yoyo, ku sa fulogi na ainihi. Sau da yawa ƙarfin da yake nema a nan ya zube. Zan aiko muku da ƙaramar na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota ta hannun wani ɗan Fagge da zai taho bayan sallah, da waya ake haɗa ta, zan nuna wa yara yadda ake amfani da ita ta bidiyo. A gaishe min da Hajiya da kowa da kowa.