Jam ɗin bilakberi na Tiptree, ya cancanci kuɗinsa

Jama'a wanda bai taɓa ɗanɗana jam ɗin bilakberi (wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe da ake samu a Turai) na Tiptree ba gaskiya an barshi a baya. Launinsa baƙi-baƙi ne kamar nunanniyar ɗinya, kana shafawa a biredi mai zafi sai ya ɗan narke ya shige ciki, ga zaƙi ga ɗan tsami a ƙarshen harshe, kuma wanda na saya an tace 'ya'yan duka, babu abin da zai maƙale maka a haƙori.

Kamfanin Wilkin & Sons ne ke yinsa a garin Tiptree da ke yankin Essex ta Ingila, sun fara harkar jam tun 1885, zamanin Sarauniya Victoria ke nan. A lokacin bilakberi abincin talaka ne, a jikin ƙayoyin gefen hanya yake fitowa kyauta, ƙarshen Agusta zuwa Satumba yara su fita da kwanduna su dawo hannu duk ƙarzuna baki ya rine, iyaye mata su dafa da sukari su ajiye saboda hunturu, wani kuma a jiƙa da binega don ciwon maƙogwaro. Da gwamnatin Birtaniya ta cire harajin sukari a 1874 ai sai biredi da jam ya zama abincin yaran ma'aikata. Har camfi suke da shi wai bayan Michaelmas, bikin Kiristoci na tunawa da Mala'ika Mika'ilu, ba a tsinkar bilakberi, Shaiɗan ya tofa masa yawu.

Kuɗin dai da ɗan nauyi tunda daga waje ake kawowa, amma kaɗan ake shafawa, kwalba ɗaya tana jimawa. In ka buɗe ka sa a firij, kar ka zura cokali mai ruwa.