Sharuɗɗan Buɗe Kamfanin Riƙon Yara a Ingila, da Bambancinsu da na Sikotland da Amurka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya, ga amsar tambayar da ka yi mini game da kamfanonin da ke sama wa yara gidajen riƙo a nan Ingila, da sharuɗɗan da gwamnati ke gindaya musu kafin su fara aiki. Na ga ya fi dacewa in rubuto maka a tsanake, domin abin da ake yi a Ingila ba shi ake yi a Sikotland ba duk da suna ƙasa ɗaya, balle kuma Amurka.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne cewa kamfani ba ya ɗaukar yaro da kansa. Bisa Dokar Yara ta 1989, ƙaramar hukuma ce ke da alhakin duk yaron da iyayensa suka kasa kula da shi, ko dai da yardarsu ko da umarnin kotu. Yaran da ke hannun ƙananan hukumomi a Ingila sun haura 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu suna zaune ne a gidajen mariƙa. Kowace ƙaramar hukuma tana da nata mariƙan, amma ba sa isa, shi ya sa take biyan kamfanoni masu zaman kansu su nemo mata wasu, su horar da su, su kuma riƙa sa musu ido.

Babu wanda zai buɗe irin wannan kamfani sai ya yi rajista da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu, wadda aka ɗora wa wannan aiki tun 2007. Dokar Ma'aunin Kulawa ta 2000 ta mai da gudanar da shi ba tare da rajista ba laifin da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne lasisin ba a kan sunan kamfani kaɗai yake ba. Dole a ambaci mutum ɗaya daga cikin shugabanni wanda zai amsa tambaya a madadin kamfanin, sannan manajan da ke tafiyar da aikin yau da kullum shi ma sai ya yi tasa rajistar da sunansa, sufeto ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi. Ana neman manajan ya kasance yana da shaidar ƙwarewa a aikin jin daɗin jama'a ko wani fanni da ya shafi yara, ya yi aƙalla shekara 2 a harkar riƙo cikin shekaru 5 da suka gabata, ya kuma taɓa shugabantar ma'aikata na tsawon shekara guda. Idan wani abu ya sami yaro, akwai mutumin da za a kira da sunansa, kuma yana iya rasa damar sake yin wannan aiki. A ganina wannan shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya.

Bayan haka kamfanin zai gabatar da takardar da ke bayyana manufarsa da irin yaran da zai iya karɓa, da wani ɗan littafi da aka rubuta wa yara da harshen da za su fahimta, wanda ke gaya musu wurin da za su kai kuka idan an zalunce su. Ana kuma duba asusunsa, domin kamfanin da ya durƙushe saboda bashi yana barin yara da mariƙansu cikin ruɗani.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne tantance mariƙa, kuma ƙa'idojin 2011 ne ke tafiyar da shi. Wanda ya nemi zama mariƙi, za a binciki tarihinsa a kundin masu laifi, haka ma duk wani mai shekara 18 zuwa sama da ke kwana a gidan. Likita zai rubuta rahoto a kan lafiyarsa, za a tuntuɓi ƙaramar hukumar da yake zaune a cikinta, a kuma je a zauna da aƙalla mutum 2 da suka san shi sani na gaskiya. Jami'ar jin daɗin yara za ta yi ta zuwa gidan tana tambayarsa yadda aka rene shi, yadda yake yi idan ransa ya ɓaci, yadda zaman aurensa yake, da abin da 'ya'yan cikinsa ke cewa game da zuwan baƙon yaro. Mutane da yawa suna jin wannan kamar tonon asiri ne, kuma na fahimci dalilinsu, amma yaron da za a kawo ya riga ya ga tashin hankali a gidan iyayensa, bai kamata a kai shi inda ba a san abin da ke bayan ƙofa ba. Daga nan sai a miƙa rahoton ga kwamitin da ba zai zauna ba sai da aƙalla mutum 5, ana kuma so a kai wannan mataki cikin wata 8 da shigar da takarda. Kwamitin shawara kawai yake bayarwa; wani babban jami'i daban shi ke yanke hukunci. Wanda aka ce bai dace ba yana da kwana 28 ya kawo ƙorafi ko ya nemi wani kwamiti mai zaman kansa ya sake duba lamarinsa.

Amincewar da aka yi wa mariƙi ba ta har abada ba ce, ana sake duba ta kowace shekara. Kamfanin zai ware masa jami'in da zai riƙa ziyartarsa, kuma aƙalla sau ɗaya a shekara sai an zo masa ba tare da sanarwa ba. Ba a ba gida ɗaya fiye da yara 3 sai idan 'yan'uwan juna ne ko an sami izini na musamman, kuma ana so duk yaron da ya wuce shekara 3 ya sami ɗakin kwanansa. An haramta wa mariƙi dukan ɗan riƙo kwata-kwata, alhali dokar Ingila har yanzu ta bar wa iyaye ɗan sarari a kan 'ya'yan cikinsu, sararin da Sikotland ta rufe a 2020, Wels kuma a 2022. Ana biyan mariƙi alawus na mako-mako domin ci da sutura da sauran buƙatun yaron, gwamnati ce ke tsayar da mafi ƙarancinsa bisa shekarun yaro da yankin da yake, kamfanoni kuma kan ƙara wani abu a matsayin ladan aiki.

Sufetocin Ofsted kan zo kamfani kimanin sau ɗaya a shekara 3, su karanta fayil-fayil, su yi magana da mariƙa da yaran su kansu, sannan su ba shi matsayi ɗaya daga cikin huɗu, daga fitacce zuwa wanda ya gaza. Rahoton yana fitowa a intanet kowa ya karanta. Tsakanin ziyara da ziyara, wajibi ne kamfani ya sanar da hukumar idan yaro ya rasu, ko an fara binciken cin zarafi, ko an kawo babban ƙorafi a kan mariƙi.

Akwai wani ɓangare da ya shafi baƙi irinmu kai tsaye. Idan mutum ya karɓi yaron da bai kai shekara 16 ba ya zauna a wurinsa kwana 28 ko fiye, kuma shi ba kakansa ba ne, ba yayansa ba, ba kawunsa ko gwaggonsa ba (na jini ko ta hanyar aure), ba kuma mijin uwarsa ko matar ubansa ba, to wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma, ko da iyayen ne suka miƙa yaron da hannunsu. An tsananta wannan ne bayan rasuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kwaddibuwa da alƙawarin karatu, wadda ta mutu a Landan a watan Fabrairu na 2000 sakamakon azabar da wata 'yar'uwar kakanninta da saurayinta suka gana mata. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna cewa asibitoci da 'yan sanda da jami'an jin daɗin yara duk sun gan ta, amma babu wanda ya ɗauki nauyinta a matsayin nasa. Dokar Yara ta 2004 ta biyo bayan wannan rahoto. Duk sanda na ji wani yana cewa takardun nan sun yi yawa, wannan yarinyar nake tunawa.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai, wato riba. A Ingila doka ta yarda kamfanin riƙo ya zama kasuwanci, kuma manyan kamfanonin zuba jari sun saye da dama daga cikinsu. A 2022 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano cewa manyan kamfanonin riƙo suna samun ribar da ta kai kusan kashi 19 cikin 100, kuma ƙananan hukumomi ba su da ƙarfin yin ciniki domin babu isassun gidaje. Sikotland ta bi wata hanya daban: nata hukumar binciken ce ke ba da rajista, kuma ba ta ba da ita ga ƙungiyar riƙo mai neman riba. Wels ma ta zartar da doka a 2025 domin cire riba daga kula da irin waɗannan yara sannu a hankali. Ni dai ra'ayina yana tare da Sikotland. Ban ce duk mai neman riba yana wulaƙanta yara ba, akwai kamfanoni da sufetoci suka yaba wa sosai, amma kuɗin da aka ware domin yaron da ya rasa gida bai kamata wani kaso mai yawa nasa ya tafi aljihun masu hannun jari ba.

Amurka kuwa ba ta da hukuma ɗaya kamar Ofsted. Kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, ta tsara yawan horon da mariƙi zai yi da yawan yaran da gida zai ɗauka, saboda haka sharaɗin Teksas ba lallai ne ya zama na Kalifoniya ba. Gwamnatin tarayya da kuɗi take jan akalar jihohi: wadda ke son tallafinta dole ta bi wasu ƙa'idoji, ciki har da dokar 2006 da ta wajabta ɗaukar hoton yatsun mariƙa a bincika a kundin ƙasa, da duba rajistar masu cin zarafin yara a duk jihar da mutum ya zauna cikin shekaru 5 na baya. Tsarin Ingila ya fi sauƙin bi ga wanda ke son sanin ko kamfani na ƙwarai ne, domin ma'auni ɗaya ne, rahoton kuma a wuri ɗaya yake.

Dokar 1989 ta umarci ƙaramar hukuma ta yi la'akari da addinin yaro da asalinsa da harshensa yayin zaɓar masa gida, kuma ɗan riƙo yana nan da sunan mahaifinsa, ba ya zama ɗan mariƙi a doka. Matsalar ita ce mariƙa Musulmi da mariƙa baƙar fata ba su isa ba, don haka sau da yawa ana kai yaro gidan da ba a san sallarsa ko harshensa ba, duk da kyakkyawar niyyar masu gidan. Kamfanoni da ƙananan hukumomi suna zuwa masallatai da tarukan al'umma neman masu sha'awa, kuma ba a sharɗanta cewa mutum ya mallaki gidan da yake ciki ko ya kasance mai aure ba. Abin da aka fi tambaya tun a wayar farko shi ne ko yana da ɗakin da babu kowa a cikinsa.