Kafin ka sayi kayan goge ƙwan tocila

Tocila idan ta fara dushewa, abin da hannu ya saba yi shi ne a kwance kanta, a cusa bakin riga a murza. A nan ake kashe tocila mai tsada. Cikin kan nan abubuwa uku ne: gilashin gaba, da kwanon da ke tattara haske, da shi kansa ƙwan LED ɗin a can ƙasa. Kowanne da abin da yake iya jurewa, kuma abin da zai wanke ɗaya tas yana iya lalata ɗayan. Don haka kafin ka cire kuɗi, ka san wanne ne ya yi dauɗa.

Ƙwan ya fi kowa rauni. Ka leƙa shi a kashe, za ka ga ɗan rawaya-rawaya. Asalin hasken shuɗi ne, irin wanda Shuji Nakamura ya fitar a kamfanin Nichia na Japan a 1993, wannan hodar rawayar ce take mayar da shi fari. A kan hodar akwai 'yar ƙubba ta silikon mai taushi, wadda farce ma yana iya yagawa, a wasu ƙwayaye kuma akwai wayoyin zinariya da suka fi gashi siranta a ƙarƙashinta. Ka danna da ƙarfi, waya ta tsinke, ƙwai ya mutu. Maiƙon yatsa ma illa ne: a tocila mai ƙarfi, irin mai batirin caji mai lamba 18650 da masu gadi da 'yan sintiri suke so, zafi yana ƙona maiƙon ya bar baƙin tabo da ba ya fita.

Abin da nake ganin ya kamata ka fara saya shi ne ɗan famfon roba na hura iska, wanda masu ɗaukar hoto suke amfani da shi a kan kyamara. Idan ba ka same shi ba, ɗan abin tsotse majinar jarirai da ake sayarwa a kemis yana yin aikin, muddin sabo ne. Dalili kuwa, mafi yawan abin da ke shiga tocila a ƙasarmu ƙura ce, kuma ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi. Goge ta a bushe kamar gurza wurin da takardar yashi ne. Kifa kan tocilar, ka hura daga ƙasa, ƙurar ta zubo. Kada ka hura da baki, yawu zai biyo. Akwai kuma iskar gwangwani da ake sayarwa don kwamfuta. Ta fi tsada, tana ƙarewa, kuma idan ka karkata gwangwanin sai ta feso ruwa mai sanyin gaske. Na roba ya fi ta ta kowace fuska.

Idan maiƙo ne ko tabon yatsa, iska ba za ta ɗauke shi ba, sai sifirit. A nan ne zaɓi yake da muhimmanci. Wanda masu ƙera ƙwan da kansu suke yarda da shi shi ne aisofurofil, za ka ga an rubuta IPA a jikin kwalbar. Nemi mai kashi 99 cikin ɗari. Yana bushewa nan take, ba ya barin komai. Mai kashi 70, wanda ake goge ciwo da shi, saura ruwa ne, yana jimawa kafin ya bushe, yana iya barin zane. Wurin neman mai ƙarfin shi ne shagon masu sayar da kayan gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano, ko masu kayan ɗakin gwaji. Ka dage sai mai rubutu a jiki. Abin da aka ɗura a robar ruwa aka ce maka "ai duk ɗaya ne", yana iya zama tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Sifirit ɗin kemis na yau da kullum yana iya yin gilashi, amma ana garwaya shi da wasu abubuwa, wani har da launi, ban yarda da shi a kan ƙwan ba. Man tsaftace hannu da ya yawaita lokacin korona kuwa akwai giliserin a ciki, sai ya bar danƙo.

Me za a ɗiga sifirit ɗin a kai? Audugar kunne tana da arha, ko'ina akwai ta, amma tana barin zare, zaren kuma yana ƙonewa a kan ƙwai mai zafi. Tsinke mai kan soso, wanda ake goge cikin kyamara da na'urar buga takarda da shi, ya fi. Cire batir tukuna, bari tocilar ta huce, jiƙa kan tsinken kaɗan ba sharkaf ba, ka taɓa ƙubbar ka mirgina sau ɗaya, ka jefar. Idan da audugar ka yi, bi ta da iska. Ka ba shi mintuna ya bushe kafin ka kunna, kuma kada ka zuba ido a cikinsa don ganin ko ya fita.

Kwanon nan mai sheƙi, shi ba a saya masa komai. Sheƙin ɗan fentin alminiyam ne siriri ƙwarai, ko ƙyalle mafi laushi yana barin masa tabo na har abada. Iska kawai. Idan ya yi muni sosai kuma yana fita, ɗauraye shi da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, ba tare da ka taɓa cikinsa ba, ka kife shi ya tsane. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya yi, amma ka tabbata ba asid aka miƙo maka ba. Ruwan leda da na rijiya suna barin farin tabo.

Gilashin gaba mai sauƙi ne: ɗan ƙyallen goge tabarau, bayan an hura ƙurar. Sai dai ka ƙwanƙwasa shi da farce. Idan roba ce, kamar yadda yake a galibin tocilan goshi da masu arha, bar sifirit, don yana sa irin wannan robar ta yi tsattsage. Ruwa da sabulu sun isa. Fetur, kananzir, tina da abin cire jan farce, kada ko ɗaya ya kusanci kan tocila. Haka ma supagulu: tururinsa yana ratsa silikon ya dusashe ƙwan, yana kuma sa gilashi ya yi fari.

Sau da yawa ma laifin ba na ƙwan ba ne. Kwance gindin tocilar ka duba sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke danne batir, da zaren da ake murɗa murfin a kai. Baƙin maiƙo a wurin yana rage wuta, tocila ta riƙa kyaftawa sai an bubbuga ta. Sifirit ɗin nan da auduga suna gyara wannan, a nan audugar kunne ba ta da laifi. Idan batirin alkalin ne ya zubo ya bar farin gari, ɗan ruwan lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi, sannan a goge a busar. Zoben robar da ke hana ruwa shiga yana son man silikon, ƙaramin tiyub yana kai ka shekaru. Basilin yana iya kumbura irin wannan robar, ko da yake shi kowa ke da shi a ɗaki.

Tocilan caji na roba da aka manne kansu da gam kuwa, ba a yi su don a buɗe ba. Idan irinta ce a hannunka, kada ka sayi sifirit ko tsinken soso saboda ita. Ƙyallen tabarau ya ishe ka, canjin ka ajiye na batir.